Carbin Mariyamu

Zaren ya tsinke a hannunta, 'ya'yan carbin suka watse har ƙarƙashin gado. Na durƙusa ina tsincewa.

"Bari, Mariyamu, yanzu zan shirya miki shi."

Maƙwabciyata ce a unguwar Waziriyya, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. Dukanmu da umra muka shigo Jidda muka zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama, muna wankau a gidajen Larabawa. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da ita ta ƙi asibiti, don can takarda suke fara tambaya.

Na zura su talatin da uku kamar yadda kowa ke yi, na sa mata a hannu. Yatsunta suka fara tafiya, suka tsaya, suka koma baya. Sai ta fara kuka.

"Saudatu, kin ɓatar da ni. Goma-goma ne, babba ɗaya a tsakani."

"Wane irin carbi ne goma-goma?"

Ta laluba cikin matashi, ta fito da ɗan ƙaramin gicciye na ƙarfe. Na tashi na sa sakata.

"Ke Kirista ce?"

"'Yar Katolika. Daga ƙauyen Malumfashi."

"Kuma kika shiga Makka? Wallahi in aka ji, gidan nan kaf za a kwashe mu!"

"Yunwa ce ta kawo ni, 'yar'uwa," ta ce. Numfashinta yana fita da ƙyar. "Fadan cocinmu ya gaya mana, a zamanin da can a Turai, talakawan da ba su iya karanta Zabura ba, ƙulli suke yi a igiya suna ƙirga addu'a. Ni ma ban iya karatu ba. Shi kaɗai gare ni. Kada ki bari in tafi ban yi ba."

Na kwance zaren. Ina cikin zurawa Barakatu, matar mai gidan, ta buga ƙofa.

"Saudatu! Lesh, me ya sa kuka kulle da rana tsaka? Zinare kuke rabawa?"

"Goge mata jiki nake yi, Hajiya."

"Yalla, maza, ga kunu nan a ƙofa, kada ya huce."

Na ɗaura gicciyen a ƙarshe, na danƙa mata. Leɓunanta suka fara motsi. Ina jin "A gaishe ki Maryamu" da Hausa sarai, sauran kuma ya ɓace a maƙogwaro. Ni ma ina nawa salatin a zuci, idona a kan sakata. Ana kiran la'asar yatsanta ya daina motsi.

Da na buɗe, Barakatu ta yi salati, ta ce a ɗora ruwan wanka, a kira liman.

"Dakata da ruwan, Hajiya. Kira Kawu Abdulghaffar."

Kawu, mijin Barakatu, ya shigo ya dubi gicciyen da ke hannun gawar.

"Da kin cire shi, shi ke nan, da babu mai sani."

"Na sani, Kawu. Amma ba zan sa a yi mata sallar da ba tata ba."

"Akwai maƙabartar Kiristoci a cikin gari. Sai dai ta hannun 'yan sanda ake shiga. Za su tambayi wanda ke wurin."

"Ni ce a wurin."

Ya fita yana gargaɗin 'yan haya cewa 'yan sanda za su zo, na ji ƙofofi suna rufuwa, takalma suna sauka da gudu. Na je na ƙulle kayana a zani, na ajiye a bakin ƙofa, don na san da ni za su tafi. Sannan na dawo na zauna a gefen gadon ina kore mata ƙuda da mafici.