Saniyar da ta je Assaga

Alhaji Mahaman, ɗan kasuwa daga Damagaram, ya shiga kiwo ne a shekarar da rikici ya sa mutanen Toumour suka watse, suka zubo Diffa suna sayar da dabbobinsu a kan abin da ya samu. Ya sayi shanu goma sha bakwai, ya kafa garke a bayan gari ta wajen kogin Komadugu, ya ɗauki Kyari, wanda ake kira Ba Kyari don girmamawa, dattijon da ya sayar masa da ta ƙarshe, ya riƙa kula da su. Ita wannan ta ƙarshen farar kuri ce, irin shanun tafki masu ƙaho kamar tulu, kuma ita kaɗai ta rage daga garken mahaifin Kyari.

Da yake bakin tafki ya gagari makiyaya, babu inda za a kai shanu cin rani, sai Alhaji ya kafa doka bisa shawarar ma'aikatar kiwo: barbara da kaka kawai, domin haihuwa ta faɗo cikin damina, lokacin ɗanyar ciyawa. Kaka na wucewa ya sayar da bijimin, don kada a yi gardama. Ya ƙara da cewa duk saniyar da aka duba ba ta da ciki, ta Kolo mahauci ce. Alhaji mutum ne da ba ya ajiye hajar da ba ta tafiya.

Ranar dubawa, Madam Sadiya, likitar dabbobi, ta iso a amalanken jaki, domin hukuma ta hana hawan babur. Kolo ya riga ta zuwa, da igiya a kafaɗa.

"Ba Kyari, ka yi wa farar bankwana?" in ji Kolo. "Naman kuri ba ya kwana a teburina."

"Kolo, ko ungulu takan jira a mutu tukuna," in ji Kyari.

Madam ta zura doguwar safa har kafaɗa, ta bi shanun ɗaya bayan ɗaya tana faɗa: wata biyar, wata huɗu da rabi, wata biyar. Biyu ta ce babu komai, Kolo ya ja su gefe. Da aka zo kan farar, Kyari ya riƙe ƙahonta yana kallon ƙasa.

"Tana da ciki," in ji Madam. "Wata biyu."

"Madam, ki sake dubawa," in ji Alhaji.

"Ga safa, Alhaji. Bismilla."

Alhaji ya dubi safar, ya dubi hannun babbar rigarsa, ya ce ya gamsu. Sannan ya juya ga makiyayinsa.

"Ba Kyari, bijimina ya bar garken nan yau wata huɗu. Ko ta gidan waya ya aiko mata?"

Kyari ya san aikinsa na iya tafiya da amsar, amma bai yi kwana-kwana ba. Ya ce da kaka saniyar ta rame, ba ta ɗauka ba. Da ta murmure, ya ga wuƙar Kolo ce kawai ke gabanta, sai ya kora ta zuwa Assaga, inda ɗan'uwansa Zarami ya tsira da bijimin kuri guda.

"Har ka wuce shingen soja da saniyata?"

"Shinge biyu, Alhaji. Ni sun tambaye ni takarda. Ita ba su tambaye ta ba."

Madam ta juya baya tana wanke hannu, kafaɗunta na rawa. Alhaji ya tambaye ta lokacin haihuwa. Ta ce sai girbin hatsi. Ciyawa za ta fara bushewa, amma ba a rasa kara da harawa.

"To, harawarta a wuyanka, Ba Kyari," in ji Alhaji. "Kolo, ɗauki biyunka ka yi gaba."

Da girbi farar ta haifi maraƙa mace, fara sol, mai faɗin goshi. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a shagon Alhaji yakan ji yadda ya daɗe da hango cewa irin kuri zai ƙare idan ba a tashi tsaye ba, shi ya sa ya tura makiyayinsa Assaga. Idan Kyari yana wurin, yakan gyaɗa kai cikin ladabi, ya ɗauki daminsa na harawa ya nufi garke.