Taku na Sha Huɗu

Littafin ya shekara bakwai a hannun Muttaka. A Sakkwato ya saye shi, wajen mai tsofaffin littattafai, shekarar da zai gama jami'a. Wani ƙasurgumin gwanin ces ne, wato darar Turawa, na ƙasashen Turai ya rubuta shi da Turanci, shafi ɗari uku duk a kan hanya guda ta buɗe wasa: yadda mai baƙi zai ƙyale mai fari ya taho wa sarkinsa da yaƙi, shi kuma maimakon ya tsaya tsaron gida, sai ya kunna tasa wutar a ɗaya gefen allon. Wanda ya riga isa, shi ya ci.

Da ya dawo Talata Mafara ya kama koyar da lissafi a wata sakandare, babu mai buga wasan a garin, in ka ɗebe wasu ma'aikata biyu da aka yi wa canjin wurin aiki. Shi ya sa kafinta ya yanka masa allo. Shi ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da mutane za su riƙe: sarki, sarauniya, doki, giwa, soro da sojoji. Ya sha dariya a ofishin malamai, inda ake zama a kan benci daga safe har azahar ana cewa haka aka tarar, haka za a bari. Muttaka ba ya iya shiru. Ya taɓa tsayawa a taron malamai ya ce abin da ya kashe mu shi ne kowa ya san abu sai ya zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai, ɗakin karatu a kulle, makullin a aljihun wanda ba ya karatu. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ba a gyara ba.

Imrana ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa. A Bakura yake, yana gyaran injin ban ruwa, yana yawo a kan babur daga Birnin Tudu zuwa Dakko da jakar sifanu. Bokonsa ya tsaya a aji huɗu na firamare, amma ya yi allo sosai, abin da ya shiga kunnensa sau biyu ya zauna ke nan. Duk Talata yakan shigo kasuwa sayen kayan gyara, in ya gama ya biyo gidan Muttaka ya ci abinci. A nan ya ga allon.

"Bawana, wace irin dara ce wagga mai dawaki?"

"Ba ta masu baƙin mai a hannu ba ce. Je ka wanke tukuna."

Haka aka fara. Da yake Imrana ba ya karanta Turanci, sai suka yi tsari irin na tafsiri: Muttaka ya buɗe littafin a cinyarsa, ya karanta sakin layi, ya fassara, Imrana ya jera abin a kan allo. Littafin bai taɓa fita daga ɗakin ba. Shekarar farko Muttaka yana cinye Imrana yana shan shayi. A ta biyu sai ya ajiye kofin. A ta uku, wata Talata bayan azahar, Imrana ya cinye shi sau uku a jere, yana yi yana ba shi labarin wani inji da ya haɗiye kwaɗo a Dakko.

Ba cin ne ya fi ƙona Muttaka ba. Yadda ake cin ne. Shi sai ya tuna shafi, ya tuna layi, ya lissafa, gumi na bin bayansa. Imrana kuwa ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron ƙarar inji, ya miƙa hannu, kuma takun da zai yi shi ne wanda ke cikin littafin shafi biyu a gaba, inda ba a kai ga karanta masa ba. A shagon mai shayi aka fara cewa "malamin ces" da "gwanin ces", kuma kowa ya san ba mutum ɗaya ake nufi ba.

Sai ga sanarwa daga ƙungiyar matasa masu wasanni: za a yi gasa a Maradun tsakanin 'yan Mafara, Bakura da Maradun, wanda ya zo na ɗaya shi kaɗai zai wakilci yankin a Gusau. Muttaka ne ya yi shekara biyu yana rubuta takardu yana bin ofisoshi kafin a yarda a sa ces cikin wasannin. Kujera ɗaya ce. Ya karanta sanarwar, a zuciyarsa ya hango Imrana a Gusau da rigarsa mai tabon mai, ana ɗaukarsa hoto, ana tambayarsa wa ya koya masa, yana dariya yana cewa, "Wani bawana ne can Mafara."

Talatar ƙarshe kafin gasar suka zo babi na tara, zuciyar littafin. Mai fari ya kai sarkinsa gefen sarauniya, ya turo sojan bakin allo yana saran ƙofar sarkin baƙi. Taku goma sha uku Imrana ya jera, Muttaka na karantawa. Sai aka zo na sha huɗu.

Muttaka ya san sakin layin kamar sunansa. Marubucin ya ce a nan duk mai tsoro zai janye dokinsa baya don ya tsare sarki, kuma daga nan ya mutu, sai dai a jinkirta jana'iza. Abin yi shi ne mai baƙi ya rufe ido ga wutar da ke ƙofarsa, ya ɗauki soronsa mai daraja ya faɗa wa dokin da ke gadin sarkin fari, ya ba da babba ya karɓi ƙarami, don katangar can ta tsage. Wata guda Muttaka ya yi a jami'a kafin ya gane dalili.

"To, mi yac ce?" in ji Imrana, hannunsa na shawagi a kan allon. Kuma a gefen soron yake shawagi. Muttaka ya gani.

"Ya ce a nan sai a yi haƙuri. A janye doki baya, a tsare sarki."

Imrana ya ɗaga kai. "Baya? Shi da bakinai?"

"Ga shi a rubuce. Ko za ka karanta da kanka?"

"A'a, ni wa? In gwani ya ce baya, baya ɗin ke nan." Ya janye dokin, ya daɗe yana kallonsa, ya ɗan tsuke baki kamar wanda ya ɗanɗana miyar da ba gishiri. "Amma dai mutumen ga yau ya ba ni mamaki."

Muttaka ya rufe littafin ya ce la'asar ta yi.

Ranar Asabar suka tafi Maradun a kan babur ɗin Imrana, Muttaka a baya rungume da allo. An yi gasar a zauren wata makaranta, mutum goma sha biyu, aka ce lallai a gama kafin la'asar don kowa ya kama hanya da rana. Malam Rilwanu, sakataren ƙungiyar, shi ne alƙali, kuma rabin aikinsa korar 'yan kallo ne, don sun saba da dara, inda kowa na tsaye yake da bakin magana. Wani dattijo daga Faru sai da aka fitar da shi sau biyu saboda yana ta cewa a ci wancan, a ci wancan.

Kamar yadda kowa ya zata, su biyun suka rage. Aka jefa ƙuri'a, fari ya faɗo wa Muttaka.

"Ka yi addu'a, bawana," in ji Imrana yana gyara zama.

"Kai dai ka goge hannunka, kada ka ɓata mini sarauniya."

Muttaka ya bi babi na tara taku bayan taku. Imrana na amsawa nan take, da haddarsa. Goma. Sha ɗaya. Sojan bakin allo ya taso. Sha uku. Sai Imrana ya tsaya.

Minti goma sha biyu ya yi, Muttaka na kallon agogo. Imrana ya karkata kai. Idonsa ya tafi kan soron, ya dawo kan dokin, ya sake komawa. Yatsunsa suka tashi daga gwiwarsa suka nufi soron har suka kusa taɓa shi. A wannan lokacin Muttaka bai roƙi Allah komai ba, don ya san abin da zai roƙa ba abin roƙo ba ne. Sai Imrana ya sauke numfashi, ya kai hannu ɗaya gefen, ya janye dokin baya.

Sauran wasan bai ɗauki lokaci ba. Ƙofar ta ɓalle, sarauniyar fari ta shiga, a taku na ashirin da shida Imrana ya kwantar da sarkinsa ya miƙo hannu. Aka tafa. Malam Rilwanu ya rubuta sunan Muttaka a takardar Gusau, ya ce dama ruwa ba ya wuce inda ya fito, mutane suka yi dariya, aka fara naɗe tabarmi.

Imrana bai tashi ba. Ya mayar da 'ya'yan wasan yadda suke a taku na sha uku.

"Zo ka gani, don Allah. Ka san abin da raina ya so in yi a nan? Kada ka yi mini dariya." Ya ɗauki soron ya cinye dokin fari. "In ka ci da soja, sarauniyata ta fito nan. In ka ci gaba da yaƙinka, ni na ci wanga sojan na tsakiya da doki, giwata ta buɗe tun daga can lungu. Ka ga sarkinka? Tsirara yake. Kamar bututu ne, in ka toshe nan ruwan sai ya fashe can." Ya yi taku shida, bakwai, yana buga wa kowane gefe. Layin littafin ne, tiryan-tiryan, har da wani reshe da marubucin ya sa a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, wanda Muttaka bai taɓa fahimta ba sai yanzu da ya gan shi a ƙarƙashin yatsu masu baƙin mai a farce.

"Amma na ce ni wane ne da zan yi gardama da mai littafi," in ji Imrana yana dariya. "Talata ka karanta mini inda kuskurena yake. Na kasa ganinai, kuma zai hana ni sukuni."

Suka kamo hanyar gida, Muttaka a bayan babur. Takardar Gusau na aljihunsa, iska na kaɗa ta. Ya so a ce kunya ce ke cin sa, da ya fi jin daɗin kansa. Amma abin da ke damunsa shi ne wata gudan nan na jami'a, da minti goma sha biyun Imrana.

Talata ta zo. Imrana ya shigo da sallama, ya gaida matar gidan, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya jera taku goma sha uku. Muttaka ya kwana uku yana shirya ƙaryar da za ta rufe ta farko, ya kuwa samo guda biyu masu kyau. Amma da ya dubi allon sai ya gane ba za su yi aiki ba. Duk abin da zai ƙirƙira, mutumin nan zai karkata kai ya ji inda yake ƙara.

Ya buɗe shafin ya karanta da Turanci, sannan ya fassara, kalma bayan kalma, har da maganar mai tsoro da jana'iza.

A waje masu tura kura na dawowa daga kasuwa.

"Sake karantawa," in ji Imrana.

Ya sake.

"Wancan makon ma haka aka rubuta?"

"Haka aka rubuta."

Imrana ya gyaɗa kai a hankali. Bai zage shi ba, bai ambaci Gusau ba. Ya laluba aljihu ya fito da wayarsa mai fasasshen gilashi, ya goge ta a gwiwa.

"Malam Muttaka, riƙe mini shi a buɗe. Daga shafin farko."

Tun suna yara bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Muttaka ya riƙe littafin, Imrana na ɗaukar hoto, shi yana juya shafi. Shafi ɗari uku. Aka kira la'asar suna babi na shida, suka je suka yi salla a sahu ɗaya, suka dawo suka ci gaba. Da suka gama Imrana ya ce Farida, matarsa, tana koyarwa a firamare, Turancinta ba kamar na jami'a ba ne amma abin da ta gani shi take faɗa. Ya yi wa matar gidan sallama, ya tada babur.

Muttaka ya je Gusau, ya zo na biyar cikin mutum goma sha huɗu, aka ba shi takardar yabo, shugaban makaranta ya sa aka liƙa ta a ofishin malamai, daidai saman bencin. Duk Talata bayan azahar Muttaka yakan jera allon ya zauna. Yana jin ƙarar babura na wucewa ta bakin layi, yana kuma gane ta Imrana a cikinsu, don shi kaɗai ne injinsa ba ya tari.

Bayan wata biyu wani ɗalibinsa na da, mai sayar da taki a Bakura, ya tsaya gaishe shi a kasuwa. Ya ce ai yanzu a can kowace Juma'a bayan masallaci ana taruwa a shagon Imrana, mutum ya kai ashirin, allo huɗu, an buga hotunan littafin an rataye a ƙusa, kowa ya zo ya ɗauka. Ya ce sun gama babi na goma sha biyu.

"Wai har Imrana ya ce akwai inda mai littafin ya yi kuskure, Malam. A babi na sha ɗaya."

Muttaka ya ce madalla, haka ake so. Ya koma gida bai sayi abin da ya fito saya ba, ya ɗauko littafin, ya buɗe babi na sha ɗaya, ya jera allon, ya fara nema.