Sunan da ke Bangon Littafi

Nunzia na hawa matakalar jami'a riƙe da jakar Farfesa De Vivo, shi kuma yana gaba yana nishi. A sashen tattalin arziki na jami'ar birnin Napoli haka ake neman kujerar koyarwa: ka ɗauki jakar babba, ka duba masa takardun jarrabawa, ran da gurbi ya samu ya tuna da kai. Gurbi ya samu. Sharaɗinsa littafi mai sunanka, nata kuwa yau ya fito: fassarar Turanci ta wani tsohon kundi kan cinikin alkama, wanda wani limamin coci ya rubuta tun zamanin sarakuna.

A ofis aka farke kwalin maɗaba'a, ta zaro ɗaya. A bango an rubuta: Fassarar Attilio Parascandolo.

Attilio na bakin taga yana cin wani irin kek da ake kira sfogliatella, yana kakkaɓe ɓurɓushi daga rigarsa. Wata mai zuwa zai auri 'yar Farfesa.

"Farfesa, an yi kuskure a bango."

"Babu kuskure, 'yata. Duba shafin godiya, kina nan. Kin ma riga matata."

"Da wannan littafin zan nemi kujerar."

"Ke kin iya aiki, ko'ina kika je za ki ci abinci. Wannan kuwa," ya nuna Attilio da haɓa, "in ban sama masa kujera ba, ni zan ciyar da shi har kabari. Limamin naki ma ai ya ce a kai alkama inda ake yunwa."

"Bai faɗi haka ba."

"To, sai ki gyara a bugu na biyu."

Ya ce zai sabunta mata kwantiraginta na shekara. Ya ƙara da cewa da la'asar za a ƙaddamar da littafin, ta ɗan taimaki yaron da abin da zai faɗa. Ya fita shan kofi.

Attilio ya jawo kujera kusa da ita, ya lashe yatsa.

"Nunzia, 'yar'uwa, kar ki riƙe ni a zuci, wallahi ban roƙa ba. In an tambaye ni, shekara nawa zan ce na yi ina aikin?"

"Bakwai."

"Haba! A kan alkama? Wa zai yarda? Sai a ɗauke ni dolo."

Ta mayar da littafin cikin kwalin.

"To, ka ce biyu."