Abin da Ya Raba Zisis da Gada

Shekara talatin da ɗaya mijina Zisis ya yi yana tuƙa bas a Atina, ban taɓa jin ya yabi jirgin ruwa ba. Duk Asabar in za mu ƙauye a tsibirin Evia, ta gadar Halkida muke bi, yana yi wa masu jiran jirgi ba'a, wai ragwaye ne. Sai ga shi bana, da kakar zaitun ta kama, mutumin nan ya bar babbar hanya ya koma tsohuwa, yana jan mota kamar mai ɗauke da ƙwai, har Oropos, mu tsaya jiran jirgin Eretria. Na tambayi dalili, ya ce iskar teku na yi wa ƙirjinsa daɗi. Ƙirjin da ya sha taba shekara arba'in bai taɓa neman iska ba.

Ni dai ba yarinya ba ce. Akwai wata Garifalia mai sayar da kofi a saman jirgin, bazawara, gashi ja kamar an tsoma shi a miyar tumatir, ta san yadda yake son kofinsa tun kafin ya buɗe baki. Ka'idar jirgin kuwa, fasinja ya sauka ya hau da ƙafa, direba kaɗai ke shigar da mota da baya. Ni nakan hau in kama mana kujera, shi sai ya yi minti goma sha biyar bai hawo ba, ita ma ba a ganinta sai jirgi ya tashi. Mota nawa yake ajiyewa?

Na gaya wa 'yarmu Evdokia a waya, ta yi ta dariya, ta ce baban da ba ya iya nemo safarsa, ina zai nemo mace. Ni ban ga abin dariya ba. Ba zan zama matar da duk ma'aikatan jirgi suka san labarin gidanta, ita ce kaɗai ba ta sani ba.

Asabar ta gaba na sauka kamar kullum, amma ban hau bene ba. Na laɓe gefen wata motar albasa a cikin jirgin. Motarmu ta tsaya a bakin jirgi, Zisis ya fito. Lambros, wanda ke nuna wa direbobi inda za su tsaya, ya shige ya ja ta da baya ya ajiye. Zisis da ko surukinsa bai taɓa bari ya riƙe masa sitiyari ba, yana tsaye hannu a baya.

Lambros ya danƙa masa makulli ya ce, "Kawu Zisis, har yaushe za mu yi ta wannan ɓoyon? Ka gaya wa Anti Stamatia mana."

Da na ji sunana, na ce a raina, yauwa, yau dai asiri ya tonu.

"Sai an gama zaitun," in ji Zisis. "In ta ji, Evdokia ta ji, sai su ƙwace makulli. To wa zai kai Stamatia gonar ubanta?"

Ya nufo matakala yana shafa jikin motoci ɗaya bayan ɗaya. Wurin matsattse ne, ni kuma ina tsaye a kan hanyarsa. Ya zo dab da ni, har ina jin warin taba a rigarsa. Ya dubi fuskata da rana tsaka.

"Gafara dai, baiwar Allah," ya ce.

Bai gane ni ba. Na matsa, ya wuce. Kunya ta fara kama ni, sannan tsoro ya biyo, da na tuna Asabar nawa na yi a gefensa a kan hanya, ina ƙirga masa laifin da bai yi ba.

Da na hau, na tarar da shi a kujera yana mitar ina na shige. Garifalia ta kawo mana kofi har tebur, ta juya hannun kofin zuwa yatsunsa, abin da ya daɗe yana ƙona mini rai. Wannan karon na yi mata godiya. Da ta tafi na miƙa masa hannu na ce ya ba ni makullin motar. Ya haɗe rai, ya ce na me, tun yaushe na iya tuƙi.

"Baiwar Allah ce ke tambaya," na ce.

Sai da muka fara hango gidajen Eretria, sannan ya zaro makullin ya miƙo zai sa mini a tafi, ya sake shi a kan tebur, gefen hannuna.