Sai da Allura

Duk Yashe babu wanda bai san ƙarfin Ɗanmusa ba. Shi ne mai ɗaga buhun gero ya aza wa jaki ba tare da ya nemi a kama masa ba. Amma kuma duk garin an san abin da yake tsoro, wato allura. Shekarar da masu lamba suka zo yi wa mutane rigakafin agana, cikin rumbu ya shige ya ja murfi, bai fito ba sai da ya ji tashin motarsu. Da ya fito, wai ya shiga duba ɓeraye ne.

To, a shekarar da ma'aikata suka sami ƙarin albashin Udoji, ana gab da faɗuwar damina, Ɗanmusa ya sunkuya zai tumɓuke wani kututture a gona, bayansa ya ce ƙas, ya riƙe. A kan amalanke aka kawo shi gida. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, ba ta canza zani ba. Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka, mai yawa kuwa. Maƙwabta suka fita da sungumi, shi yana kwance a zaure yana jin ƙamshin ƙasa. Ya san in laimar nan ta wuce bai zuba iri ba, bana sai dai ya ci na saye, abin da gidansu bai taɓa yi ba tun zamanin kakansa. Abin ya dame shi ƙwarai, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ƙanensa Sada, akawu a Kaduna, ya zo ganin gida a kan sabon babur. Ya ce, "Yaya, ka tashi in kai ka asibitin Kankiya. Gwamnati ke biya, allura ɗaya za su yi maka ka miƙe."

Ɗanmusa ya juya fuska bango. "Su riƙe kyautarsu."

Matarsa Hannatu, 'yar Rimaye ce, tana tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu. Ta ce, "Malam, ai akwai Iya Kulu a garinmu. Ciwon baya ba ya gagarar ta. Sai dai ita ma ba ta ba da magani sai da allura."

"Ita ma?" in ji Ɗanmusa. "Yanzu har tsofaffin ƙauye sun koyi wanga mugun aiki?"

Hannatu ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ta dubi ƙaton mijin nata ya ƙanƙame tabarma, ta haɗiye maganar ta koma ciki. Kafaɗunta kawai ke rawa.

Washegari da safe rana ta fito da zafi. Ɗanmusa ya sa aka ɗebo masa ƙasar gona a tafin hannu, ya murza, ya ji saman ta fara bushewa. Sai ya ce, "Sada, tada babur ɗinka. In dai sukar ce, gara ta tsohuwa, hannunta ba ƙarfi." Hannatu ta kawo masa hularsa ta zuwa kasuwa, ta daidaita masa ita a ka da kanta, ta yi musu Allah ya kiyaye hanya.

Sada ya yi ta lallaɓa babur saboda ramuka. Ɗanmusa kuwa ba ramukan ke gabansa ba. Tun daga Yashe har suka wuce Kankiya yake karanta duk addu'ar da ya haddace, da ta ƙare ya sake daga farko.

Iya Kulu tsohuwa ce 'yar firit, tana zaune gindin dalbejiya tana ɓare saiwa. Bayan gaisuwa ta sa aka kwantar da shi a tabarma, ta bi gadon bayansa da yatsa tana dannawa. Sannan ta ce, "To, mijin Hannatu, sai allura."

Ɗanmusa ya runtse ido, ya cije bakin riga, ya sassauta mazagin wandonsa. Ya ce, "Iya, ki yi da sauri, kada ki hwaɗa mani in za ki soka."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi Sada. "Mi shika yi haka? Kai, ɗaure wandonka, ni sa'ar kakarka ce. Allurata nika tambaya, ta ɗinki. Ita ce ladan maganin. Haka na gada wurin uwata, ba a ɗaukar saiwa a gidan nan sai an aje allura."

Sada ya tuntsire da dariya har ya dafa bango. Da ya samu ta lafa, ya zaro sababbin takardun naira ya miƙa. Iya Kulu ta ture hannunsa, ta ce maganinta bai san wannan takardar ba, in ba allura sai su koma kasuwar Kankiya su sayo. Sai kuma ta tsaya. "Hannatu ce ta turo ku, ko? Ɗiyar da ta tashi a gabana ba ta turo mutum hannu sake. Miƙo hular nan."

Ta juya hular, ta laluba naɗin bakinta. Ga allura sabuwa fil an soke ta a ciki, har da zare.

Ɗanmusa ya daɗe yana kallon allurar. Ashe tun daga gida a kansa take zaune.

Iya Kulu ta gasa masa bayan da ruwan zafi, ta murza shi da man kaɗanya har sai da ya yi ƙara, ta ba shi saiwar da zai jiƙa ya riƙa sha. Bai miƙe a ranar ba, amma kafin laimar ta gudu Allah ya ƙaro wani ruwan, shi kuma ya fara takawa da sanda, daga baya ya jefar da ita.

Ranar da ya fita shuka, yana gaba yana sara da sungumi, Hannatu na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Suka yi nisa cikin gonar. Can, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Kin san ko wace allura ce, kika bar ni na sha wahala."

"Na sani, Malam," in ji ta. "Ni dai so na yi in ga ko gonar nan ta fi tsoron ƙarfi."

Ɗanmusa ya ɗaga sungumi ya sara rami na gaba. Murmushi yake yi, amma bai bari ta gani ba.