Sunan da Falmata Ba Ta Faɗa

Falmata ta tura ƙofar ɗakin da kafaɗa, domin hannunta ɗaya na riƙe da yaron, ɗayan kuma da ƙullin abincinsu. Ƙofar ta buɗe rabi ta cije. Da ta leƙa sai ta ga kwalaye ne jibge a bayanta har kusa da rufi. Tabarmar da ake zama a kai an naɗe ta an jingine a lungu, kwandon kayan wasa kuwa babu shi babu dalilinsa. Giwar nan da aka zana a bango da shuɗin fenti, kunnenta kaɗai ya rage a waje.

"Baiwar Allah, wa kike nema?" in ji wani ma'aikacin asibitin da ya zo wucewa da bokiti.

"Sista Dorathy. Mai ɗakin yara."

"Ai ɗakin yara ya tashi, sito ne yanzu. Duba ta can wajen awon masu ciki."

Falmata ta tsaya kamar an dasa ta. Tun da sassafe ta baro Nguru, ta matsu a bayan mota tsakanin wata mai buhun albasa da wani ɗan kasuwa mai minshari, har Gashuwa, ba don komai ba sai don wannan ɗakin. Ta dubi yaron. Shi kunnen giwar yake kallo, bai ce komai ba. Da ma ba ya cewa.

Sunansa Suhaibu, shekararsa uku da ɗoriya, kuma shi ne ɗanta na fari. A gidansu ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi, kuma duk wadda ta saki jiki da ɗan fari sai an yi da ita a gidan suna: ga marar kunya can. Falmata kuwa ta iya kunya, har yabonta ake yi. In dole ta kama ta ambace shi sai ta ce "yaron Gogo", in kuma da shi take sai ta ce "kai".

Gogo ita ce uwar mijinta Dunoma, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Nguru. Tun kafin yaye ta ɗauke yaron, a bayanta ya yi wayo, a ɗakinta ya koyi magana. Kuma ya koye ta da kyau, don surutu gare shi kamar kanari. Falmata na daka a tsakar gida sai ta jiyo shi ta tagar Gogo yana ba da labarin akuya, ta rage bugun taɓarya don ta ji ƙarshen labarin. Ba wanda ya taɓa lura. Rabonta ke nan daga cikin ɗanta, kuma a lokacin ta ɗauka ya ishe ta.

Da damina Gogo ta kishingiɗa bayan azahar, yaron na kwance a jikinta, ba ta ƙara tashi ba. Shi ya yi ta jan zaninta yana kira har mutane suka shigo. Aka yi zaman makoki aka watse, kowa na ta kansa, ba wanda ya ce wa ɗan yaro komai, don me zai gane? Daga nan muryar ta ɗauke. Ba kuka, ba dariya, ba rigima. Sai ya zauna a bakin ƙofar Gogo tun safe, a ba shi abinci ya ci, a ɗauke shi ya bi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an duba kunne an ce lafiya lau. Falmata na daka yanzu ba abin da ke sa ta rage bugu, kuma wannan shirun ya fi mata komai ciwo.

Ta sami Sista Dorathy a baranda tana ɗaura wa wata mai ciki abin awon jini. Mutuniyar Filato ce, gajera mai faɗin fuska, ta daɗe a Gashuwa har Hausarta ta fara ɗaukar gishirin garin. Ita aka tura koyon kula da ƙananan yaran da hankalinsu ya taɓu saboda rashi ko firgita, ta dawo aka ba ta ɗakin nan. A can ne, bayan zuwa da yawa, yaron ya fara tura mata ƙwallo in ta mirgino masa.

"Maman Suhaibu! Kin zo?"

Falmata ta sunkuyar da kai. Duk zuwa sai Sista ta jefe ta da wannan suna a gaban jama'a, ita kuma duk zuwa sai ta ji kamar ƙasa ta tsage.

Da layi ya ragu, Dorathy ta ja su ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato darbejiya, a bayan ɗakin awo.

"Na so in aika miki, ba ni da lambar kowa naku. Kuɗin da gwamnati ta ware mana na gwaji ne. Bana da aka yi kasafi ba a sa mu ba. Wani babba ya zo dubawa, ya same ni zaune a tabarma ina mirgina ƙwallo, ya yi dariya ya ce, yaron da bai iya ɗaura wando ba wace damuwa gare shi? A sayi maganin zazzaɓi ya fi."

"To yaushe za a buɗe?"

"Sun ce wataƙila baɗi. Ni kuma ƙarshen wata za a mayar da ni Damaturu."

Baɗi. Falmata ta juya kalmar a ranta. Baɗi yaron zai kai shiga makarantar allo, a zaunar da shi cikin masu ƙara, a sa masa suna bebe, sunan ya bi shi har girma.

"Sista, ki taimake ni. Ko gidanki ne zan riƙa kawo shi kafin ki tafi. A hannunki kaɗai yake motsi."

Dorathy ta yafito wata mai tallar goruba, ta ɗauki guda, ta zauna a ƙasa da farin kayanta ba ta ko kakkaɓe wurin ba.

"Suhaibu," ta ce a hankali, ta mirgina masa.

Gorubar ta tsaya a ƙafarsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa yatsa ya turo ta baya.

"Kin gani? Ba allura, ba kwalba. Ina kiran sunansa, ina kallon idonsa, ina jira. Shi ke nan aikin da aka tura ni koyo, sauran duk haƙuri ne. Tun farkon zuwanku nake cewa ki matso tabarma, ke kuma kina bakin ƙofa da mayafi a baki kina ce mini nan ma ya isa."

"Sista, ɗan fari ne. Mu ba ma yi."

"Na sani. Shekaruna nawa a garin nan? Ban ce al'adarku ba ta da kyau ba. Ai da can akwai mai yi, kin ja baya ne don ki bar wa tsohuwa wuri. To tsohuwa ta tafi, wurin na nan ba kowa. Yaron nan mutum ɗaya ya sani mai kiransa da safe, ya wayi gari ba ta. Jira yake a kira shi." Ta miƙa mata gorubar. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Maman Suhaibu."

Falmata ta karɓa don kada ta yi musu da babba. Ta buɗe baki, ta ga mai goruba na kallonta, ta ga mata biyu a baranda sun juyo. Abin da ya fito shi ne, "Kai, tashi mu tafi."

A tasha suka tarar motar Nguru saura mutum biyu ta cika. Falmata ta zauna a benci cikin rumfa, ranta a jagule. Haushin babban nan mai dariya take ji, da haushin Sista da za ta tafi, har da na Gogo, Allah ya ji ƙanta, da ta kwashe yaron duka ta tafi da muryarsa. A bencin gaba kuma ga Hajja Fanne, maƙwabciyarsu a Nguru, ta zo gaisuwar mara lafiya za ta koma. Ita ce kan gaba wajen yaba kunyar Falmata a unguwa, kuma bakinta ba ya ajiye labari ya kwana.

Suna cikin gaisawa Falmata ta ji gefenta wayam. Ta waiga. Can bakin rumfa wata tsohuwa ce zaune tana sayar da gyaɗa, da baƙin zani mai ratsin ja irin wanda Gogo ke ɗaurawa. Yaron ya je ya tsaya a bayanta, ya kama gefen zanin da yatsu biyu. Bai ja ba. Ya riƙe ne kawai, yana kallon ƙeyarta, yana jiran ta juyo.

"Kai," in ji Falmata. "Kai, zo nan."

Yaran mota biyu suka waigo, da wani mai shayi. A tasha kowa kai ne. Yaron bai motsa ba.

"Nguru ta cika! Hajiya, ku shigo!"

Hajja Fanne ta yunƙura tana gyara mayafi. "Bari in ɗauko miki yaron Gogo."

"Bar shi, Hajja."

Falmata ta tashi. Ta je ta durƙusa a ƙasa, cikin ɓawon gyaɗa da ledoji, ta kwance gorubar daga bakin zaninta. Sunan nan ta sha faɗarsa a zuci, tana daka, tana wanki, tana sujada, amma harshenta bai taɓa ɗaukarsa ba, har tana tsoron kada ya fito a karkace.

"Suhaibu."

Ta mirgina gorubar. Ta ji Hajja Fanne ta ja salati a bayanta.

Yaron ya ɗaga kai da sauri, amma ba ita ya duba ba. Fuskar tsohuwar ya leƙa. Tsohuwar ta juyo, baƙuwar fuska ce mai tsagar Barebari, ta yi masa murmushi ta koma kan gyaɗarta. Ya saki zanin. Ya duba dama, ya duba hagu, ya duba sama da kan uwarsa, yana neman inda kiran ya fito.

"Ni ce," in ji Falmata, hawaye na zuba ba ta share ba. "Suhaibu, ni ce."

Direba ya danna ham. Yaron ya tsallake gorubar bai ɗauka ba, ya tako a hankali har gabanta. Ya daɗe yana kallon bakinta. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, mai ƙura, ya ɗora a kan leɓenta, ya tsaya yana jira.

Ta sake faɗa.