Cokali Biyu a Kowace Kwalba

Pyo Deok-su na tsugune a kicin yana jera kwalaben giya cikin kwali, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, sai matarsa ta leƙo.

"Ba waɗannan ne ka cika wa sukari ba? Baban Min-ji, so kake ka cire wa wani ido?"

"Ido dai a'a. Riga da mutunci kawai."

Shekara guda ke nan abin na cin ransa. Bara, a walimar kamfani, Manaja Ok ya karɓi giyar da Deok-su ya dafa da hannunsa har ya yi wata biyu yana jiran ta nuna, sai Ok ya dire ta gaban Darakta ya ce aikinsa ce. Har da bayanin yadda ake awon sukari, mutumin da ko shayi bai iya haɗawa ba! Deok-su kuwa yana can ƙarshen tebur yana juya nama, yana murmushin dole.

Don haka bana da Ok ya ce a kawo kwalba goma sha biyu, da rawar jiki Deok-su ya amsa. Rabin ƙaramin cokali na sukari kwalba ke so, ta yi sati uku a inuwa ta tara iskarta. Shi cokali biyu ya ɗura wa kowace, ya bar su sati biyar a kan daɓen ɗaki mai ɗumi. Duk wanda ya buɗe sai ya yi wanka, kuma Ok ba ya barin kowa ya buɗe abin da zai yi alfahari da shi.

Ranar walimar bana da azahar, bayan ma'aikata sun sauko daga hawan dutse, aka zauna cin abinci. Ok ya ɗauki kwalba ya miƙe. Daɗi ya kama Deok-su har ya matsa baya.

"Ranka ya daɗe, ina da magana," in ji Ok, yana sosa ƙeya. "Giyar bara da ka yaba, ba ni na yi ba. Pyo ne. Kunya ta hana ni sakat. Wannan ma tasa ce. Pyo, taso mana, yau kai za ka zuba."

Aka ɗau tafi. Deok-su ya durƙusa gaban Darakta, ya karɓi kwalbar da hannu biyu, ya ɗora mabuɗi a kan murfin.

Darakta ya ture kofinsa gefe, ya sunkuyo da fuskarsa dab da bakin kwalbar.

"Buɗe," ya ce. "Ƙanshin nake so in fara ji."